Tambaya da Amsa: Murtala, Daga Sojan Sadarwa Zuwa Fagen Daga

Tambaya: Malam, muna ta gardama a majalisarmu. Wasu sun ce marigayi Janar Murtala Muhammed sojan sadarwa ne, aikinsa rediyo da waya. In haka ne, ya aka yi ya ja runduna guda a yaƙin basasa? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malam, abokan gardamarka suna da gaskiya, sai dai sun raina aikin. An haifi Murtala a Kano a 1938, ya yi karatu nan garinku a Kwalejin Gwamnati, wadda yanzu ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958. Bayan horon share fage a Teshie ta ƙasar Gana, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito da muƙamin ƙaramin laftanar a 1961. A Sandhurst kowa aikin dakaru yake fara koyo: harbi, sintiri, karanta taswira, da yadda ake jan ƙaramar ƙungiyar mayaƙa. Sai an gama wannan ake rarraba hafsoshi. Shi aka ba shi sigina, wato sashen sadarwa, ya wuce makarantarta da ke Catterick.

Daga nan al'amura suka zo da sauri. Ya je Kwango cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1962 ya zama dogarin Dakta Majekodunmi, wanda aka ba riƙon Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. Ya riƙe sashen sigina na Birged ta Ɗaya a Kaduna, sannan rundunar sigina ta Apapa a Legas. A 1966 ya zama laftanar-kanar kuma sufeton sigina na sojan ƙasa baki ɗaya, bai kai shekara talatin ba.

Kada ka ɗauki wannan kujera ƙarama. Umarnin kwamanda ba ya isa bariki sai ta hannun ɗan sigina, don haka ya san wa ke ina, wa ya ce me. Hafsan da ke riƙe da layukan sadarwa ya san hafsoshi a kowane bariki, kuma hakan bai rasa nasaba da rawar da Murtala ya taka a juyin mulkin Yulin 1966.

Amma jan runduna wani abu ne dabam, kuma a ganina nan giɓin ya fito. Kashe-kashen 1966 sun cinye manyan hafsoshi, yawancin na Gabas kuma sun tafi Biyafara, sai aka ɗora wa matasa kayan da ya fi wuyansu. Da 'yan Biyafara suka mamaye Tsakiyar Yamma a Agustan 1967, aka ba shi Runduna ta Biyu da aka harhaɗa cikin gaggawa, har da sabbin kurata. Ya ƙwato Benin a Satumba, jaruntakarsa ba abin musu ba ce. Amma a Oktoba sojojin rundunarsa suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba. Da aka karya gadar kogin Kwara kuma, ya nace sai ya tsallaka zuwa Anacha da jiragen ruwa, ya ƙi shawarar hedkwata ta ya zagaya ta Idah. Aka yi ta gwadawa ana asarar rayuka, sai daga baya ya bi hanyar da ya ƙi, Anacha ta faɗa hannunsa a Maris 1968.

A shekarar ya bar fagen daga ya koma sufeton sigina, daga can aka naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1974.