Ki Bar Babbar Ta Yi Murna, Ƙaramin Nake Jiye Wa

Da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan a ɗakin awo ba. Mace ta shigo da cikin wata huɗu ko biyar, ɗiyarta mai shekara huɗu na biye da ita, tana shaida wa duk wanda ta gani: "Innata za ta sayo muna jariri!" Har suna ta raɗa masa. Sai in tambayi uwar, ina mai bi mata, wanda muka yi wa allurar ƙyanda kwanan baya? Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo amsar ɗaya ce: "An kai shi yaye wurin kakarsa, kada ya sha ciki."

Ta babbar mai sauƙi ce. Ki bar ta ta yi murnarta, kada kunya ta sa ki riƙa kwaɓarta. In cikin ya motsa ki ɗora hannunta a kai. Kada dai ki yi mata alkawarin ƙane ko ƙanwa, kuma ki gaya mata tun da wuri inda za ta kwana ranar haihuwa. Bayan suna, in kika ga ta koma fitsarin kwance ko ƙulafucin goyo, kishi ne, zai wuce, ba abin duka ba ne.

Maganar shan ciki kuwa ta ishe ni. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne, wajen wata na huɗu ko na biyar nonon kan ragu, ɗanɗanonsa ya ɗan yi gishiri, daga baya ya koma dakashi, wanda kan sassauta bayan gidan yaro kaɗan. Iyakarta ke nan. To, daga ina zawon yake zuwa? Yaro ɗan wata goma sha uku, an shafa wa nono ɗaci dare ɗaya, an ɗauke shi an kai shi wani ƙauye, ya rasa uwa ya rasa nono. Ya ƙi cin abinci, ana ɗura masa koko tsarara da ruwan da aka ɗebo a fadama ba a tafasa ba. Ya fara zawo, ya rame, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Sai tsofaffi su ce, "Kun gani ko, dā ma ya riga ya sha." Yayen ne ya kayar da shi, aka ɗora wa nono laifi.

Masu kawo mini hujjar addini su tambayi malamai hadisin gila da ke cikin Sahihu Muslim. Annabi (SAW) ya yi niyyar hana ta, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi, ba ta cutar da 'ya'yansu, ya bari. Wasu malamai sun fassara gila da shayarwar mai ciki.

Ina nanata wannan ne saboda na san inda tamowa ke kai yaro. A Sakkwato akwai Asibitin Noma, wanda aka kafa a 1999 don ciwon noma, ciwon nan mai cin fuska. Yakan soma da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa da ƙyanda suka raunana su ya fi kamawa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Maigida, da kai nake. Kana loda albasa da tafarnuwa a mota, kifin madatsar Goronyo na wucewa ta ƙofar gidanka, amma matar da ke ciyar da rai biyu ban da nata tana wuni da fura. Ka sayo wake, ƙwai, gyaɗa da zogale. Kuma tun farko, tazarar wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki da likitoci ke cewa a bayar, shawara ce da ta fi ƙarfin mace ita kaɗai.

Uwar gida, ki ci gaba da ba shi nono, ki ƙara masa kunun gyaɗa mai kauri da faten wake sau uku ko huɗu a yini. In kina zubar jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko an ce miki tagwaye ne, ki zo mu duba kafin ki ci gaba. In yayen ya zama dole, a yi shi sannu a hankali cikin makonni, yaron yana ɗakinki. In zawo ya kama shi, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Ranar awo kuma ki zo mini da su duka biyun, in auna damtsen ƙaramin. In ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar za a fara ba shi abincin tamowa.