Candido Portinari, Mai Zanen Talakawan Birazil

'Yan'uwa ɗalibai, idan malami ya ce a yi zane, yawancinmu mota ko jirgin sama muke zanawa. Darasinmu na wannan mako a kan wani mutum ne da ya zaɓi zana leburori, kuma da su ya yi suna a duniya.

An haifi Candido Portinari a shekarar 1903 a wata gonar kofi da ke Brodowski, cikin jihar Sao Paulo ta ƙasar Birazil. Iyayensa baƙi ne daga Italiya, masu aikin gona. Ya koyi zane a birnin Rio de Janeiro, kuma a 1928 ya ci gasar da ta ba shi damar zuwa Turai. Yana zaune a Faris ne kewar gida ta kama shi, ya ƙudurta cewa mutanen ƙasarsu zai riƙa zanawa. Ya koma gida a 1931.

A zanensa mai suna "Café" na 1935, za ku ga ma'aikata ɗauke da buhunan kofi, hannuwansu da ƙafafunsu manya-manya. Ba kuskure ya yi ba. Da gangan ya kambama gaɓoɓin da suke neman abinci da su, domin mai kallo ya ji nauyin aikin. A "Retirantes" na 1944 kuwa, ya zana iyalin da fari ya kora daga arewa maso gabashin ƙasar: duk sun rame, ga yaro da kumburarren ciki, ungulaye na shawagi a samansu.

Wannan aiki ne ya ci rayuwarsa. Fentin da yake amfani da shi yana ɗauke da gubar dalma. Likitoci sun gargaɗe shi, amma sai da ya kammala manyan zane biyu, "Yaƙi" da "Zaman Lafiya", waɗanda ke hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York tun 1957. Ya rasu a 1962, yana da shekara 58.

Aikin gida: ku lura da mai ga-ruwa, ko mai dakan hatsi, ko maƙerin unguwarku. Wace gaɓa ce ta fi shan wahala a jikinsa? Ku zana shi, ku miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Juma'a. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan allo.