Igiyar da ke maido ƙaramar roka ƙasa lafiya

Roka na'ura ce da ake harbawa sama da ƙarfin wuta. Akwai manya masu kai kumbo sararin samaniya. Akwai kuma ƙanana, na kwali, waɗanda ƴan lakwal ke haɗawa a Amurka da wasu ƙasashe don koyon kimiyya.

Wani mai saida takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, shi ya fara ƙera irin wannan ƙaramar roka a 1954. A 1957 shi da G. Harry Stine sunka kafa ƙungiyar masu wannan aiki. A lokacin, samari da yawa suna jin rauni wajen haɗa albarushi da kansu. Shi ya sa dokar ƙungiyar ta ce injin roka sai wanda anka yi a masana'anta.

Amfanin igiya

Jikin roka bututu ne. Sama akwai hula mai tsini, ƙasa akwai inji, ciki akwai laima a naɗe. In roka ta kai iyakar tashinta, sai wani ɗan albarushi ya tashi a ciki, ya tunkuɗe hula. Laima ta fito ta buɗe.

Igiyar roba ce ke haɗa hula da laima da bututu. Aikinta kamar na igiyar guga ne: in ta tsinke, guga ya tafi. Haka bututu zai faɗo babu laima, ya karye, ko ya sauka bisa kan mutum.

Yadda ake ɗaura ta

1. A yanko igiya mai tsawon bututu sau 2 ko sau 3. In ta yi gajarta, hula za ta dawo da ƙarfi ta lotsa bakin bututu.

2. A yanko ƴar takarda mai ƙwari, a kasa ta kashi 3. A shafa gam, a ɗora bakin igiya, a ninka takarda sau 2 tare da igiyar a ciki.

3. A manna takardar cikin bututu, can ƙasa da baki, aƙalla santimita 2 da rabi. In ta yi kusa da baki, hula ba za ta zauna ba. A danne da yatsa har ta kwanta lif, don kada laima ta maƙale.

4. A bari gam ya bushe sarai, har kwana guda.

5. A ƙulla ɗaya bakin igiyar ga hula, ƙulli 2.

Wasu suna aiki da zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965. Yana jure zafi. Ana ɗaura shi ƙasa, kusa da inji, sannan a ƙulla roba a kansa. Amma siriri ne, ba ya miƙewa, yana iya tsaga bakin bututu.

Kafin kowane harbi

Zafi da daɗewa suna cin roba. A ja igiya da hannu a gani. In ta yi tsattsage ko ta ƙone, a sake wata. A sa takardar da ba ta kama wuta tsakanin inji da laima. Babba ya tsaya a wurin, kuma a nisanci busasshen haki da rumbuna.

Tambayoyi

1. Mi igiya ke haɗawa?
2. Don mi ba a so ta yi gajarta?
3. Mi ake dubawa kafin harbi?