Tamostat ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne

Da zarar tsohuwar mota ta fara zafi a cunkoso, abin da aka saba yi a garejinmu shi ne a kwance tamostat a yar, a ce wa mai ita: "Alhaji, ai wannan don sanyin Turai aka saka shi." Sai a haɗa fanka kai-tsaye, a sallame shi. Ni bakanike ne, kuma wannan al'ada tana damuna ƙwarai, domin ina ganin cikin injinan da aka yi wa haka idan mun buɗe su.

Tamostat ɗan bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto, da kaki a cikinsa. Idan an tada mota da safe yana rufe, ruwa ya yi ta zagaye cikin inji har ya ɗumama. Da zafi ya kai, kakin ya narke ya kumbura, sai ya tura bawul ɗin. A yawancin tsofaffin Corolla da Camry yana fara buɗewa a digiri 82, ya gama wajen 95, kuma za ka ga lambar a jikinsa. Zafin Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, ko da ya haura 40, bai kusanci wannan ba. Inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, a Beljiyam yake ko a Sakkwato.

Idan babu tamostat, inji kan daɗe bai ɗumama ba, balle da safiyar hunturu. Kwamfutar mota ta ga sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Fulogi ya yi baƙi, wani fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, zoben fistin ya ci kafin lokacinsa. Mai mota yana ta kukan shan mai, ga tsadar fetur, bai san daga ina ba ne. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa kewaye lagireto, motar ta ƙara zafi.

Gaskiya ne tamostat yana lalacewa. Idan ya maƙale a rufe, allurar zafi za ta haura nan da nan, har ta kai ga ƙone gasket. Maganinsa sabo. Don gwadawa, a jefa tsohon cikin tukunyar ruwa a kan wuta: idan ruwa ya tafasa bai buɗe ba, ya mutu.

Wajen sauyawa, a bari inji ya huce sarai, don murfin lagireto mai zafi ya ƙona fuskoki da yawa. A sayi mai lamba daidai da na asali, da sabuwar robarsa. Ɓangaren sifirin ya fuskanci inji, ɗan ramin fitar iska kuma, idan yana da shi, ya kasance a sama. A ɗaure noti a hankali, gidan tamostat ba ya jure ƙarfi. A zuba ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya mai kawo tsatsa ba, sannan a bar inji yana aiki har iskar ciki ta fita, tiyo na sama da na ƙasa duka su yi zafi.

Idan bayan haka motar ba ta daina zafi ba, a duba lagireto ko ya toshe, da famfon ruwa, da murfi, da abin da ke kunna fanka.