Wa Ya Raɗa wa Hanya Suna?

Mai karatu, in baƙo ya sauka Malbaza ya tambaye ka hanya, me kake ce masa? "Bi gudron, in ka wuce izin ɗin siminti ka tambayi gidan wane." Ba allo, ba lamba. Babbar hanyar da ta ratsa garinmu, a takardar gwamnati RN1 take. Amma mai yin yamma hanyar Ƙwanni yake ce mata, mai yin gabas kuwa hanyar Madawa.

Irin wannan suna bakin mutane ke raɗa shi, daga sana'a ko mazauna wuri. A Kano akwai Soron Ɗinki da Tudun Nufawa da Zangon Barebari. A tsofaffin biranen Jamus ma haka ne: titin mahauta, titin maƙera.

Akwai kuma sunan da hukuma ke rubutawa a allo. Shi wannan mai mulki yake bi. Dubi Yamai. Shekaru da yawa wani babban titi yana ɗauke da sunan Janar Charles de Gaulle na Faransa. A watan Oktoba 2024 aka cire, aka sa na Djibo Bakary. Ka san shi kuwa? Shi ne magajin garin Yamai na farko, a 1956, kuma jagoran Sawaba. A 1958, da De Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama, Djibo ya ce a jefa "a'a", a karɓi ƴancin kai nan take. Aka kayar da shi, ya rasa mulki, ya yi gudun hijira. Bayan shekara 66 sai ga sunansa a gurbin na wanda ya ja da shi. Ikon Allah! In ka je Yamai ka ɗaga kai ka karanta allon da kanka, kada ka dogara ga mai taksi, don baki ba ya saurin sakin tsohon suna.

Jamus ma ta yi nata. A Balin akwai wani dandali mai sunan Nachtigal, Baturen da ya ƙetare Sahara ya isa Kukawa ta Borno a 1870, ya kuma kafa tutar Jamus a Kamaru da Togo a 1884. A 2022 aka mayar da shi dandalin Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914. Tun 2018 aka yanke shawarar, amma wasu mazauna unguwar suka ƙi, har kotu suka je.