Sinadarin Fulorin da Illar Yawansa ga Dabbobin Gida

Gabatarwa

Akan sami makiyayin da shanunsa ke ramewa, suna ɗingishi, haƙoransu sun yi ja sun zaizaye, alhali ga ciyawa, an kuma ba su maganin tsutsar ciki. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa wannan shi ne yawan sinadarin fulorin a ruwan sha ko a abincin dabbobi. An shirya wannan darasi domin malaman gona da manoma su san sinadarin, su gane alamominsa, su kuma kare dabbobinsu.

Mene ne fulorin?

Fulorin shi ne na 9 a jadawalin sinadarai, alamarsa F. Idan aka ware shi, iska ce mai launin ruwan ɗorawa, mai guba. Babu sinadarin da ya kai shi saurin haɗuwa da wasu, don haka ba a samunsa shi kaɗai a ƙasa, sai a haɗe cikin duwatsu da ruwa, inda ake kiransa fulorayid. Wani masani ɗan Faransa, Henri Moissan, shi ya fara ware shi a 1886.

Fulorayid yana da son kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Kusan duk abin da ya zauna a jiki, a nan yake taruwa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki. Idan ya yi yawa kuwa, sai ya lalata haƙori da ƙashi.

Hanyoyin da yake shiga jikin dabba

1. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare masu duwatsu. An tabbatar da yawansa a ruwan wasu yankuna kamar Langtang a Jihar Filato da Kaltungo a Jihar Gombe. Ba ya da launi ko wari ko ɗanɗano, sai an auna ake ganewa.

2. Dutsen fosfet, wanda yakan ƙunshi fulorin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, da takin supa da ake yi da shi. Haɗari ne a zuba su cikin gishirin lasa da nufin ƙara wa dabba fosfaros.

3. Kiwo a filin da aka watsa wa takin supa kafin ruwan sama ya wanke ciyawar.

Ma'aunin da ya dace

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a lita ɗaya ta ruwan shan mutane. Ga dabbobi, ana son kada ya wuce miligiram 2. Misali, saniyar da ke shan lita 30 a rana daga rijiya mai miligiram 5 a lita, tana haɗiye miligiram 150 kullum. Da bazara, lokacin da ƙishirwa ke ƙaruwa, abin ya fi haka. Shanu sun fi saurin cutuwa, sannan tumaki. Kaji sun fi juriya.

Alamomi

Cutar ba ta bayyana farat ɗaya, takan ɗauki watanni ko shekaru. A lura da:

- Tabo fari kamar alli, ko ja ko baƙi, a haƙoran gaba, da zaizayewarsu ba daidai ba.
- Wahalar tauna da gudun ruwa mai sanyi saboda ciwon haƙori.
- Ɗingishi mai sauya ƙafa, da sanƙarewar gaɓoɓi.
- Kaurin ƙashi a ƙafafu, muƙamuƙi da haƙarƙari.
- Rama da raguwar nono.

Tabon yana kama haƙoran da ke tsirowa ne lokacin da dabba ke shan ruwan, saboda haka maruƙa da 'yan tumaki sun fi shiga haɗari. Idan yaran gari suna da irin wannan tabo, a zargi ruwan da mutane da dabbobi ke sha tare.

Rigakafi

Haƙorin da ya lalace ba ya gyaruwa, kuma babu allurar da ke fitar da fulorayid daga ƙashi. Rigakafi ya fi magani:

1. A kai ruwan sabuwar rijiya ko burtsatse ɗakin gwaji kafin a fara shayar da garke.
2. Kada a dogara da tafasa ruwa: ba ta kawar da fulorayid, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.
3. A keɓe ruwa mafi kyau, kamar na sama, ga ƙananan dabbobi, ko a gauraya shi da na rijiyar.
4. A sayi gishirin lasa da fosfet da aka yi musamman domin dabbobi, waɗanda aka cire musu fulorin.
5. A adana buhunan taki inda dabba ba za ta kai ba.

Malamin gona ya riƙa buɗe bakin dabbobi yana duba haƙora a duk ziyarar da ya kai ruga. Idan ya ga alamomin a dabbobi da dama masu shan ruwa ɗaya, ya sanar da likitan dabbobi mafi kusa domin a auna ruwan da abincinsu.