Amsoshin Tambayoyinku: Wurin Babbaka a Tsakiyar Gidaje

Malam Garba daga Tozai, ƙaramar hukumar Isa, yana tambaya: wa ke ba da izinin buɗe wurin babbakar kai da ƙafa, ko ƙona mushe, kusa da gidaje?

To Malam Garba, izinin yana hannun ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da mayanka da kwashe shara. Duba-gari ne zai auna tazarar wurin da gidaje da rijiyoyi, ya lura da inda iska ke kai hayaƙi. Babbaka da tsohuwar taya kuwa, baƙin hayaƙinta yana cutar da huhu, musamman na yara da masu asma. In an buɗe ba izini, ku sanar da mai unguwa, ku kai kuka wurin duba-gari a Isa.